Kati Mai Shuɗin Harshe

Koren layin da ke fuskar kwamfutar ya ɗan matsa gaba, ya sake tsayawa. Walƙiya ta sunkuya ta karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, ta miƙe ta dafe ƙugu. Kwamfutar ta ce ba za ta gama juye hotunan cikin filash ba sai dare ya raba, ita kuwa motar da za ta hau kafin faɗuwar rana za ta tashi.

Mahaifinta yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, yana goge tabarau da gefen riga. Mai Hoto ake ce masa har yanzu, ko da yake ya daɗe da rufe shago. Da ya ji abin da ta karanta sai wani sanyin daɗi ya ratsa ƙirjinsa, ya yi maza ya haɗe fuska don kada a gani.

Tun da aka binne mahaifiyarta bara, wannan ne zuwanta na farko. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai nisa, kuma kwana biyu kawai ta ware wa gida. Sai jibi za ta koma bakin aiki, ya san da haka, domin ita ta faɗa da bakinta cewa gobe ranar wanki ce da ramuwar barci. Idan ta bi motar safe ma za ta isa, hutun ne kawai za ta rasa. Yana so ta ƙara kwana ɗaya. Ba zai faɗa ba. Akwai mazan da suka iya ciyar da gida, suka iya tsawa, suka iya tsayuwa a layin asibiti tun asuba saboda zazzaɓin yaro, amma kalmar "zauna" ta fi ƙarfin bakinsu. Mai Hoto yana cikinsu, kuma wannan ba abin yabo ba ne.

Duk abin da ya ɗauka na iyalinsa a tsawon rayuwarsa yana cikin tsohuwar kwamfutar nan ta ɗora wa cinya, hotuna da bidiyo. Muryar matarsa tana ciki. Kowace safiya yakan kunna kwamfutar, ya jira ta gama nishinta, ya buɗe wani bidiyo ya bar shi yana magana yayin da yake shan shayi. Saboda haka Walƙiya ba ta ko fara cewa ya ba ta kwamfutar ba. Filash biyu ta sayo, manya, don ta juye komai kafin na'urar ta mutu da shi a cikinta. Ganin tafiyar layin, ta mayar da na biyun cikin jaka, ta ce ko ɗayan ma in an samu an gode.

Ta tsayar da aikin, ta ce a kai kwamfutar wurin mai gyara. Ya ce na'urar ba ta taɓa yi masa laifi ba, gaggawa ce cutar 'yar tasa tun tana yarinya, shi ya sa babu hotonta ko ɗaya na ƙuruciya da ya fito sarai, kullum sai hannu ko ƙafa sun zama hayaƙi. Ai daga nan sunan Walƙiya ya bi ta. Ta bar shi ya gama, sannan ta ɗaga kwalbar maganinsa ta girgiza. Ba abin da ya yi ƙara a ciki.

"Baba, aiki biyu ne. Ko ka kai kwamfuta in je karɓo magani, ko in kai ta kai ka je ka yi wa likita bayanin inda ka shige watannin nan."

Ya ɗauki kwamfutar.

A cikin bas ya rungume jakar a cinya da hannu biyu, kamar mai kai jariri rigakafi. Wata mata ta ce ya ɗora a sama ya huta, ya ce ya gode. Duk tsawon hanyar fata ɗaya yake yi, ya tarar da shagon a rufe, ko an ɗauke wuta, ko mai gyaran ta tafi unguwa.

Shagon a buɗe yake, a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai sayar da rigunan waya da mai yanka makulli. Ƙaurin dalma ya cika shi, wata ƙaramar fanka tana kaɗa iskar zafi daga wannan bango zuwa wancan. Mai gyaran mace ce da ta fara manyanta, da tabarau mai igiya a wuya, kowa Injiniya yake ce mata. Tana ɗago kai ta ajiye abin da ke hannunta.

"Baba Mai Hoto! Ashe kana nan?"

Bai gane ta ba. Ta ce shi ya yi hoton bikinta, kuma har yau danginta ba su yafe masa ba. Ya jera su a rana, babba da yaro, ya ɗauka, kowa ya fara watsewa, sai ya ɗaga hannu ya ce a ƙara ɗaya, ko wani ya ƙifta. Surukarta saura kaɗan ta faɗi. Ya ce wannan ƙa'idarsa ce, bai taɓa barin wurin aiki da hoto ɗaya tak ba, sannan ya tambaye ta ko ba a samu wanda ya ƙifta ɗin ba. Ta yi dariya ta ce an samu, angon ne, idonsa a rufe ruf.

"Har yau ma bai gama buɗe su ba," in ji ta, tana nuna jakar kwamfutar. "Me ya sami 'yar tsohuwar?"

Ya yi mata bayani a gajarce, da muryar wanda ya riga ya haƙura. Ya ce shi ya san tsufa ne, tsufa kuwa ba a gyara shi, yarinya ce kawai ta matsa. In babu abin yi ta faɗa masa ya kama hanya, ba zai ji haushi ba.

Injiniya ta juya kwamfutar ta gefe, ta haska ramukan da 'yar fitila. Ta ce ya matso ya duba. A cikin kowane ramin da ake soka filash akwai wani ɗan harshe na roba. Nasa duka baƙaƙe ne. Sannan ta karɓi filash ɗin Walƙiya ta nuna masa bakinsa, harshen ciki shuɗi ne. Ta ce mai shuɗi gudu yake yi, mai baƙi tafiyar ƙasa, kuma in an haɗa su dole a bi takun mai baƙi. Filash ɗin ba shi da laifi, ƙofar ce ƙunci gare ta, kamar a kwashe kayan gida duka ta taga.

Ya gyaɗa kai da gamsuwa, ya fara jawo jakarsa. Ya ce to ai magana ta ƙare, ba a sake wa na'ura harshe.

Ta juya kwamfutar. Ta shafa ɗaya gefen da ɗan yatsa har ta kai wani siririn tsagi da bai taɓa lura da shi ba, ta danna da farce. Wata 'yar roba mai faɗi ta yi tsalle ta fito. Mai Hoto ya miƙe tsaye.

"Kin karya mini ita."

"Zauna, Baba. Marfi ne, ba komai a cikinsa. Waɗanda suka ƙera ta sun bar wurin ne saboda rana irin ta yau. Shekarun nan duk ɗaki ne da kai a kulle ba ka sani ba."

Ta ce akwai wani kati da ake zurawa a wurin, mai ramuka biyu masu shuɗin harshe, sai dai an daina nemansa, ba ta da tabbacin ya rage mata. Ta jawo aljihun tebur ta shiga tono, wayoyi da caja da matattun batura suna fitowa. Mai Hoto ya zuba wa hannunta ido, yana roƙon abin da shi kansa ya san bai dace dattijo ya roƙa ba. A can ƙasa ta same shi, cikin wata leda da ta yi ja saboda daɗewa.

Ta hure tsagin, ta zura katin har ya yi ƙas. Ta sa wa kwamfutar manhajar da za ta sa ta gane baƙon, ta kashe ta kunna, suka jira ta gama nishinta. Sannan ta soka filash a ramin shuɗi ta gwada da wani bidiyo guda. Koren layin ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan kafin ya gama gyara zaman tabarau. Ta ce ba zai kai gudun sabuwa ba, don ma'ajiyar cikin ma ta kwana biyu, amma in ya fara da azahar, kafin la'asar ta yi sanyi an gama.

Ya dubi filash ɗin. Can ya tambaye ta ko mai saurin nan ba ya zubar da wani abu a hanya, tunda aikin gaggawa bai cika kyau ba. Ta ce ko ƙwayar zarra. Abin da mai baƙi zai kai shi mai shuɗi zai kai, bambancin jira ne kawai. Ta sauke tabarau ta dube shi da kyau.

"Na saba ganin masu ɓata rai don abinsu bai gyaru ba. Wanda ya ɓata rai don ya gyaru, kai ne na farko."

Ya ce hasken fitilarta ne ya dame shi. Ba ta ja maganar ba. Ta zare katin, ta ce kada ya bar shi a jiki in zai sa ta a jaka, don ya ɗan leƙo waje, karo ɗaya zai karya shi. Ta mayar da marfin robar mazauninsa. Tana naɗe katin a takarda ta tambaye shi Mama, matarsa, wadda ta riƙe masa farar lema ranar bikin tana yi wa yara dabara su kalli gaba. Ya ce ta rasu bara. Hannun Injiniya ya tsaya a kan takardar. Ta yi masa ta'aziyya a hankali, ta rako shi har bakin matakala, abin da ba ta yi wa kowa.

A bas ɗin dawowa katin yana aljihun ƙirjinsa, kwamfutar tana cinyarsa yadda ta fita daga gida, ba alamar an taɓa ta. Nan dabara ta zo masa, ba tare da ya kira ta ba. Zai ce mai gyara ta ce ta tsufa. Ai ta faɗa, ba ƙarya ba ce. Walƙiya ba za ta tafi ta bar muryar uwarta a rabi ba, za ta yi tsaki, ta buga waya, ta kwana. Ya gwada maganar a bakinsa ya ji ta zauna daidai. Mutumin da ya taɓa hana ɗiyarsa fita wasa saboda ta ce ta wanke hannu alhali ba ta wanke ba, shi ne yau yake auna rabin gaskiya a cikin bas kamar mai auna yadi.

Ya tarar ta share ɗakin, ta jera magungunan a faranti, na safe gefe guda, na yamma gefe guda, ta ɗaura wa kowane zare mai launi daban don kada ya ce bai gane ba. Jakarta tana bakin ƙofa a zuge. Ta karɓi kwamfutar ta tambaye shi yadda aka yi.

"Ta ce ta tsufa."

Ya jira tsakin. Bai zo ba. Walƙiya ta gyaɗa kai kawai, kafaɗunta suka sauka. Ta ce ba komai, za ta zaɓi abin da zai shiga kafin lokacin mota, sauran sai wani zuwan in na'urar ta kai. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kwamfutar a kan ɗan tebur, ta buɗe jerin bidiyon. Ga Mama tana ɗinke labule. Ga Mama ranar da aka kawo firji. Ga Mama a gadon asibiti tana yi wa ma'aikatan jinya faɗa a kan ninkin zanen gado. Yatsan Walƙiya ya je kan wannan, ya dawo kan wancan, ya tsaya a tsakani.

"Baba, wanne zan bari?"

Wannan ba ya cikin abin da ya gwada a bas. Ya dubi ƙeyarta, inda gashi ya fara fita saboda ɗaurin hular aiki, daidai wurin da na uwarta ya fita. Ya sa hannu a aljihu.

"Ta kuma ba ni wannan. Na manta."

Takardar ta jiƙe da gumi, ta yamutse kamar wadda aka daɗe ana matsawa. Walƙiya ta dubi takardar, ta dubi fuskarsa. Shekarunta na aiki sun koya mata gane marar lafiyar da ya ce ya sha magani alhali yana ƙarƙashin matashi. Ta matsa ta ba shi wuri.

Shi da kansa ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya danna marfin da farce ya fito. Ya zura katin. Ya sa ta kawo fitilar wayarta, ya nuna mata harsunan ɗaya bayan ɗaya, baƙi da shuɗi, yana bayani da tsawa-tsawa kamar shi ya ƙera su, har da maganar kwashe kaya ta taga. Ta saurara kamar ba ta taɓa ji ba. Ta zaɓi komai da komai, ta soka filash a ramin shuɗi, koren layin ya kama hanya ba tsayawa.

Ba abin yi sai jira. Ta haɗa shayi ta kawo, ta buɗe bidiyon labulen a gefe. Mama tana zaune a daidai inda Walƙiya take yanzu, allura a baki, yadi a cinya. Wata 'yar yarinya ta gilma a guje, ba a ga komai nata ba sai jan siket. Mama ta cire allurar ta harari mai ɗaukar.

"Ka ajiye abin nan ka zo ka zauna mana. Kullum kana bayan gilashi."

Daga bayan na'urar wata murya mai ƙarfi, wadda tsufa bai taɓa ba tukuna, ta ce saura kaɗan, a ƙara ɗaya. Mama ta jefo shi da ƙullin zare, hoton ya karkace, aka ga silin.

Walƙiya ta yi dariya har ta kai ga tari, daga tarin kuma abin ya juye. Ta kifa fuska a gwiwa. Mai Hoto ya lalubi aljihunsa, bai sami hankici ba sai ƙyallen goge gilashin kyamara, wanda ba ya barin kowa ya taɓa. Ya miƙa mata. Ta share ido da shi, ta ce duk bidiyon nan babu inda fuskarsa ta fito. Ya ce dole wani ya riƙe na'ura. Suka buɗe na firjin, suka buɗe wani, yana gaya mata abin da ya faru kafin a kunna da bayan an kashe, abubuwan da ba su shiga ba. Tun da aka haife ta bai taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba in ba faɗa ba.

Kwamfutar ta yi 'yar ƙara. An gama, rana kuwa da sauranta sosai.

Ya miƙe da ƙyar, ya ce to alhamdu lillahi, ta samu abin da ta zo nema. Ya gyara wa jakarta tsayuwa a bakin ƙofa duk da ba ta karkace ba. Ya ce ta riƙa cin abinci, kada ta zauna kusa da taga a mota. Bai dube ta ba yayin da yake faɗa.

Walƙiya ta zare filash ɗin ta riƙe a tafin hannu. Ta tambaye shi ko mai gyaran ta ce mai saurin nan yana tsallake wani abu. Ƙofa ce a buɗe ta tsayar da ita da wata ƙaryar, ya gan ta sarai. Ya ce a'a, ya tambaya, an ce ko ƙwayar zarra ba ya zubarwa.

Ta zuge aljihun jakarta ta ciro filash na biyu. Ya ce daidai ne, ba a barin wurin aiki da guda ɗaya, ta yi maza ta sa a shuɗin, akwai lokaci, za ta gama ta kuma sami mota.

Ta durƙusa gaban teburin. Ta haska ramukan da fitilar waya yadda ya koya mata, ta wuce shuɗi na farko, ta wuce na biyu, ta juya kwamfutar ta ɗaya gefen. Ta soka shi a mai baƙin harshe.

"Wancan ne mai jinkirin," in ji shi.

"Na gani, Baba." Ba ta ɗago ba. "A ƙara ɗaya, ko wani ya ƙifta."

Rubutu ya fito a ƙarƙashin layin. Ta karanta masa da ƙarfi, kamar yadda ta yi da safe: sai gari ya waye.

Mai Hoto ya cire tabarau ya shiga gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Da ya mayar, sai ya haɗe fuska ya ce dama shi bai yarda da kayan zamanin nan ba, komai a guje. Ya je bakin ƙofa ya sunkuci jakar ya nufi ɗakinta da ita. Ta ce masa tana da taya, ya ja ta kawai. Bai ajiye ba.

A kan teburin, koren layin ya ɗan matsa gaba, ya tsaya.